Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da gajeren sunanta EYN, ɗariƙa ce ta Kirista da ta kafu a arewa maso gabashin Nijeriya, musamman a kudancin Jihar Borno da arewacin Jihar Adamawa. Hedikwatarta tana Kwarhi, cikin Ƙaramar Hukumar Hong, kusa da Mararrabar Mubi. Ta samo asali daga aikin 'yan mishan na Amurka da suka sauka a Garkida a shekarar 1923, kuma ta karɓi ragamar al'amuranta a 1972. Shugabanninta suna ƙiyasta cewa masu halartar majami'unta sun kusa miliyan 1. Da wannan adadi ita ce mafi girma a cikin dukan ekklesiyoyin 'Yan'uwa na duniya, har ta ninka uwar ekklesiyar da ke Amurka sau da yawa. An san ta da koyarwar zaman lafiya da ƙin ramuwa, da kuma ayyukan ilimi, kiwon lafiya da noma a ƙauyukan Bura, Margi, Kibaku, Kamwe da maƙwabtansu.

Asali

Tushen ɗariƙar yana ƙasar Jamus. A shekarar 1708, a ƙauyen Schwarzenau, mutum 8 ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, bisa fahimtarsu cewa baftisma ta baligi ce wanda ya ba da gaskiya da kansa. Hukumomin wancan zamani ba su yarda da wannan ba. Tsanani da ƙuncin rayuwa suka sa mabiyan suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka a 1719 da 1729, inda ɗariƙar ta zauna, daga baya ta ɗauki sunan Church of the Brethren. Ana lissafa ta tare da Mennonite da Quaker a matsayin ekklesiyoyi 3 da tarihi ya sani da ƙin yaƙi. Kafin ta waiwayi Afirka ta riga ta aika ma'aikata Indiya a shekarun 1890, da Sin a 1908.

Mutum biyu na farko da ta aiko Nijeriya su ne H. Stover Kulp da Albert D. Helser. Sun sauka Legas a ƙarshen Disamba 1922, suka haura arewa ta Jos, suka nufi ƙasar Biu, inda Bura da Babur suke zaune. A lokacin gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka ba a ba su izinin zama a garin Biu ba. Wurin da suka samu shi ne Garkida, a bakin kogin Hawul. A ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujada ta farko a gindin wata itaciyar tsamiya, a gaban 'yan mutanen gari da ma'aikatan da za su fara ginin. Wannan rana ce EYN take ƙirga shekarunta daga gare ta, kuma tsamiyar ta zama wurin ziyara ga mabiyanta.

Shekarun farko sun zo da wahala. Jami'an Lardin Borno sun yi ta jayayya a kan zaman mishan ɗin a wurin, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin izinin ya tabbata. Ruth Royer Kulp, matar Stover Kulp, ta rasu a Garkida a 1924 tare da jaririn da ta haifa. Asibitin da aka gina daga baya ya ɗauki sunanta. A wannan shekara ce likita na farko, Homer Burke, ya iso. Masu bi na farko, samari 4, an yi musu baftisma a 1927, wato bayan shekara 4 ana koyarwa da jinya.

'Yan mishan sun fara da koyon Buranci, suka tsara masa rubutu, suka buga littattafan karatu na farko, sannan suka shiga fassarar Sabon Alkawari, wanda ya fito a shekarun 1930. A ƙarshen shekarun 1920 Kulp ya buɗe tasha ta biyu a Lassa, cikin ƙasar Margi. Marama ta biyo baya a farkon shekarun 1930, Chibok a 1941, sannan Gulak, Shafa, Mubi da Uba bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Helser ya koma ƙungiyar mishan ta SIM a shekarun 1930, amma Kulp ya zauna shekara 40 a wannan aiki, ya koma gida a 1963, ya rasu a 1964.

Yadda bishara ta bazu

Adadin Turawan mishan bai taɓa yin yawan da zai ratsa ƙauyukan wannan yanki ba. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, harsunanta suna da yawa, kuma da damina hanyoyinta sukan yanke. Waɗanda suka kai saƙon lungu-lungu 'yan ƙasa ne, kuma akasarinsu sun fito ta ƙofa biyu: makaranta da asibiti.

Ƙofar da ta fi ba masu nazari mamaki ita ce mazaunin masu cutar kuturta da aka buɗe a Virgwi, kusa da Garkida, a 1929. A zamanin da babu maganin da ke warkar da cutar sarai, majinyaci yakan shekara da shekaru a wurin. Mutane suka taru daga ƙabilu masu yawa, wasu daga nesa ƙwarai. An zaunar da su unguwa-unguwa, kowa da gonarsa, ga makaranta, ga majami'a. Mutumin da danginsa suka ƙi cin abinci tare da shi a gida, a nan ya samu wanda zai wanke masa gyambo ya ɗaure, ya kuma koya masa karatu. Da maganin dapsone ya samu a ƙarshen shekarun 1940, aka fara sallamar majinyata da yawa. Suka koma garuruwansu sun iya karatu da rubutu, suna riƙe da littafi, kuma da dama daga cikin majami'un yankin ta hannunsu aka fara su. Fitacce a cikinsu shi ne Mai Sule Biu, ɗan gidan sarautar Biu, wanda ya zo Garkida neman magani, ya zama Kirista, daga baya ya zama fasto kuma ɗaya daga cikin manyan shugabannin ekklesiyar.

Ƙofa ta biyu ita ce ajin koyar da addini na ƙauye. Malami ɗaya, wanda sau da yawa karatunsa bai wuce 'yan shekarun firamare ba, yakan zauna a ƙauye, ya yi noma kamar kowa, ya koya wa yara baƙi da lissafi a ƙarƙashin rumfa, ran Lahadi kuma ya jagoranci sujada a wannan rumfar. Idan aji ya yi ƙarfi sai ya zama makarantar firamare, taron Lahadi kuma ya zama majami'a. Domin samar da malamai aka kafa makarantun Waka, kusa da Biu, a 1952, inda aka horar da malaman makaranta, daga baya aka ƙara sakandare. Ɗaliban Waka sun cika ma'aikatun gwamnati, makarantu da asibitocin arewa maso gabas bayan samun 'yancin kai a 1960. A Jos kuma mishan ɗin ya kafa makarantar Hillcrest a 1942 domin 'ya'yan ma'aikatansa, wadda daga baya wasu ƙungiyoyin mishan suka shiga tafiyar da ita.

Asibitin Lassa ya shiga tarihin likitanci ta wata hanya mai ban tausayi. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ɗin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta asibitin SIM da ke Jos, ta rasu a can. Ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ita, Charlotte Shaw, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke. Masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. Wannan shi ne zazzaɓin Lassa, wanda wani nau'in ɓera ke yaɗawa.

Wasu ƙungiyoyi biyu sun haɗa hannu da mishan ɗin. Ɗariƙar 'Yan'uwa ta Ashland, a Jihar Ohio, ta aiko ma'aikata daga ƙarshen shekarun 1940, suka fi aiki a ƙasar Kamwe. Mishan na Basel daga Suwizalan ya fara aiki a 1959 a Gavva, bayan duwatsun Gwoza, kuma majami'un da ya kafa sun shiga cikin ekklesiyar. Wannan ɓangare na gindin duwatsun Mandara, da ya haɗa da Mubi, Michika, Madagali da Gwoza, yana ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ne har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta haɗe shi da Nijeriya.

Cin gashin kai

A shekarun 1950 aka fara naɗa fastoci 'yan ƙasa. A 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga ayyukan mishan na tsakiya da arewa maso gabashin ƙasar suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu ake kira TEKAN, kuma majami'un 'Yan'uwa suka shiga a matsayin Lardin Gabas. Tarayyar ta buɗe kwalejin tauhidi ta TCNN a 1959, wadda daga baya ta zauna a Bukuru. A farkon shekarun 1960 aka kafa Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp, wadda ta zauna a Kwarhi. Tsarinta ya dace da mutanen da za ta yi wa hidima: ɗalibi yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba su gona, su koyi noma da garmar shanu tare da karatun Littafi, matar kuma ta shiga nata ajin. Manufar ita ce mai bishara ya iya ciyar da gidansa a ƙauyen da baikonsa bai isa ya riƙe shi ba.

A watan Yuni 1972 Lardin Gabas ya zama ekklesiya mai cin gashin kanta, kuma a 1976 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. A cikin waɗannan shekaru gwamnatin jiha ta karɓi makarantu da asibitocin mishan, adadin Turawa ya ragu ƙwarai, kuɗin da ke zuwa daga waje ya ja baya. Mutane da yawa sun ɗauka aikin zai yi rauni. Abin da ya faru shi ne akasin haka: mafi yawan bunƙasar EYN ta zo ne bayan 1972. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya game arewacin Nijeriya tun shekarun 1960, ya riga ya koya wa talakan mai bi fita wa'azi ba tare da jiran fasto ba. Ga kuma ƙaura zuwa birane. Duk inda ma'aikata, 'yan kasuwa, sojoji da ɗalibai 'yan kudancin Borno da arewacin Adamawa suka taru, sukan fara addu'a a ɗakin wani, su koma aji a wata makaranta, su sayi fili, sannan su aika gida a turo musu fasto. A 1985 EYN ta shiga Majalisar Ekklesiyoyi ta Duniya, kuma tana cikin Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN.

Koyarwa da ibada

EYN tana riƙe da Littafi Mai Tsarki a matsayin ma'aunin bangaskiya, tana ba Sabon Alkawari fifiko wajen tsara rayuwa, musamman wa'azin Yesu a kan dutse da ke cikin Matiyu sura 5 zuwa 7. Daga nan ne koyarwarta ta ƙin ramuwa, ƙaunar maƙiyi da sulhu ta fito. Ba ta yi wa jarirai baftisma. Mai neman shiga yakan yi ajin koyarwa na wani lokaci, ya furta bangaskiyarsa a gaban jama'a, sannan a kai shi kogi ko kwarmin baftisma, ya durƙusa cikin ruwa, a nutsar da shi ta gaba sau 3, da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Abin da ya fi bambanta ta da maƙwabtanta shi ne yadda take yin Jibin Ubangiji. Kafin a karya gurasa, masu bi sukan wanke wa juna ƙafa, bisa abin da ke cikin Yahaya sura 13. Maza suna gefe, mata suna gefe. Mutum ya ɗaura tawul, ya durƙusa gaban na kusa da shi, ya wanke masa ƙafafu a cikin kwano ko daro, ya share, sannan wanda aka wanke wa ya karɓa ya yi wa na gaba. Ba a duban muƙami: babban ma'aikacin gwamnati yana iya durƙusawa gaban manomin da ƙafarsa ta sha kaushi. Bayan haka a ci abinci tare, sannan a karɓi gurasa da ƙoƙo. Ekklesiyar tana kuma shafa wa marasa lafiya mai tare da addu'a, bisa Yakubu sura 5.

Hausa ce babban harshen sujada, ko da yake kusan dukan mabiyan suna da harshen uwa dabam. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932 aka kuma sabunta fassararsa a ƙarshen shekarun 1970, shi ne ya ba Bura, Margi, Kamwe, Kilba da Glavda damar zama a benci ɗaya su ji wa'azi ɗaya. A birane akan yi sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa. A ƙauyuka ana haɗawa da harshen gari, musamman wajen waƙa.

Tsarin mulkinta hawa-hawa ne. Ƙaramin reshe yana ƙarƙashin majami'a mai cikakken iko, wadda take da fastonta da dattawanta. Majami'u da dama sukan haɗu su zama gunduma, ƙarƙashin sakataren gunduma. A sama akwai babban taron shekara-shekara, wanda kowa ke kira Majalisa, inda wakilai suke zaɓen shugaba, mataimakinsa da babban sakatare, suke kuma amincewa da sababbin gundumomi. Hedikwata ce ke tura fastoci wuraren aiki tana kuma sauya musu wuri, abin da ke sa Bamargi ya yi hidima a ƙasar Bura, ɗan Michika kuma a Chibok. Kuɗin tafiyar da ekklesiya yana fitowa ne daga baiko da zakkar masu bi. Da kaka akan yi bikin godiya, manoma su kawo dawa, masara, gyaɗa da wake a buhu ko a kwarya. Ekklesiyar ba ta naɗa mata muƙamin fasto, ko da yake tana da mata masu zurfin ilimin tauhidi, kuma batun yana cikin abubuwan da ake tattaunawa a cikinta.

Yaɗuwa

Cibiyar EYN tana cikin ƙananan hukumomin Biu, Hawul, Askira/Uba, Chibok, Damboa da Gwoza a Jihar Borno, da Gombi, Hong, Mubi, Michika da Madagali a Jihar Adamawa. A yawancin ƙauyukan Kirista na wannan yanki ita ce ekklesiya mafi tsufa kuma mafi yawan jama'a. Maiduguri ta daɗe tana da wasu daga cikin manyan majami'unta. Tana da gundumomi ko majami'u a Yola, Jalingo, Damaturu, Gombe, Jos, Kaduna, Kano, Abuja da Legas, kuma tana da aikin bishara a Kamaru, Nijar da Togo. Yankin da ta fi ƙarfi yanki ne da Musulmi da Kirista suke cakuɗe har a cikin gida ɗaya; ba abin mamaki ba ne a ga wa da ƙane, ɗaya yana zuwa masallaci ɗaya yana zuwa majami'a, suna gadon gona ɗaya.

Matsayinta a rayuwar jama'a

A ƙauyen da hukuma take da nisa, majami'a takan ɗauki nauyin da ya wuce na ibada. A nan ake ɗaura aure, a nan ake sasanta ma'aurata da masu rikicin iyakar gona kafin magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, kuma a nan ake sanar da ranar allurar rigakafi ko zuwan takin zamani.

Ƙashin bayan wannan hidima shi ne Zumuntar Matan Ekklesiya, ZME. Kowace majami'a tana da reshenta. Matan sukan taru a ranakun da suka keɓe cikin mako, su yi nazarin Littafi, su koyi sababbin waƙoƙi, su tsara ziyara. Su ne ke zuwa gidan mai jego da ruwan zafi da sabulu, su ne ke kwana a gidan makoki, su dafa abincin baƙi, su tara kuɗi domin gwauruwa ko marayan da aka koro daga makaranta. Ran Lahadi sukan fito da zane iri ɗaya, mai ɗauke da tambarin ƙungiyar, suna waƙa da ganga, caki da tulun da ake bugun bakinsa da tafin hannu. Waƙoƙinsu nasu ne, su suke tsara su, mai ba da waƙa ta ɗauko sauran su amsa. Matan da ba su yi karatu ba sun haddace labaran Littafi da yawa ta wannan hanya. A 2015 ƙungiyar mawaƙan ZME ta zagaya majami'un 'Yan'uwa a Amurka tana bayyana halin da jama'arta suke ciki.

A fannin lafiya, bayan asibitoci sun koma hannun gwamnati, ekklesiya da mishan sun juya ga ƙauyuka da wani shiri mai suna Lafiya, wanda aka fara a shekarun 1970. Ƙauye yakan kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a kai su Garkida su yi 'yan watanni suna koyon gane cututtukan da suka fi addabar jama'a, irin su zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tamowa, da yadda ake kare kai daga gare su. Hanyar koyarwar ita ce labari, waƙa da wasan kwaikwayo, domin da su mutanen suka saba karɓar ilimi. Shirin ya fara aiki tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da kiwon lafiya matakin farko manufar duniya, kuma masana daga ƙasashen waje sun yi rubutu a kansa. A gefensa aka yi shirin haƙa rijiyoyi, inda jama'ar gari suke ba da ƙarfinsu da yashi da tsakuwa, shirin kuma ya kawo siminti da gwani. Ba a tambayar addinin mai ɗiban ruwa. Sashen noma yana sayar da ingantaccen iri da taki, yana koyar da kiwon kaji da noman waken soya. A fannin ilimi EYN tana da sakandare a Kwarhi, makarantar koyon sana'a ta Mason a Garkida, makarantun Littafi a wasu gundumomi, da tsarin karatun tauhidi daga gida ga waɗanda ba za su iya barin aikinsu ba. Makarantar Kulp a yau kwalejin tauhidi ce.

Shekarun Boko Haram

Babu wata ɗariƙar Kirista a Nijeriya da rikicin Boko Haram ya shafa kamar EYN, domin cibiyarta tana tsakanin dajin Sambisa da duwatsun Mandara. A tarzomar Yuli 2009 an ƙone majami'unta a Maiduguri. Daga 2012 hare-hare suka yawaita a ƙauyukan Gwoza, Damboa da Askira. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati da ke Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. 57 sun kuɓuta da kansu tun da farko, an sako 21 a Oktoba 2016 da 82 a Mayu 2017. Gwoza ta faɗa hannun mayaƙan a Agusta 2014, Michika a Satumba. A ranar 29 ga Oktoba 2014 suka shiga Kwarhi da Mubi. Ma'aikatan hedikwata da ɗaliban Kulp suka tsere ta daji, wasu suka ƙetara Kamaru. Shugaban ekklesiyar na lokacin, Samuel Dante Dali, ya mai da ofishinsa Jos. A ƙididdigar da shugabannin suka bayar a wancan lokaci, an kashe mabiya kimanin 8,000, an raba kimanin 700,000 da gidajensu, an kuma lalata kusan kashi 70 cikin 100 na gine-ginen majami'u. Musulmin yankin ma sun sha wannan wuta. Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, an kashe shi a kan hanya ranar 30 ga Mayu 2014.

Koyarwar ƙin ramuwa, wadda a da darasi ce a aji, ta zama tambayar yau da kullum ga mutanen da aka kashe wa iyaye. Ba kowa ne ya karɓe ta da sauƙi ba. Akwai 'ya'yan ekklesiyar a cikin soja da 'yan sanda, akwai waɗanda suka shiga 'yan banga don tsaron garuruwansu, akwai kuma masu ganin haƙuri ya yi yawa. Amma a hukumance matsayin EYN bai sauya ba: ta kira jama'arta ga azumi da addu'a, ta hana ɗaukar fansa a kan maƙwabta, ta ci gaba da zama da malaman Musulunci a ƙarƙashin shirin zaman lafiya na Kirista da Musulmi da ta fara a Mubi tun kafin rikicin ya yi tsanani. A yankin da zargin juna ya shiga tsakanin 'yan uwa na jini, wannan matsayi ya taimaka wajen hana rikicin rikiɗewa zuwa faɗan gari da gari.

Abin da ya riƙe ekklesiyar a lokacin da gine-ginenta suka rushe shi ne tsarin da ta ginu a kai tun farko. Masu bin da ke Yola, Jos da Abuja suka buɗe gidajensu, gida ɗaya yakan ɗauki mutum gommai. 'Yan gudun hijira suka sake kafa majami'unsu a inda suka samu kansu, har da sansanin Minawao a arewacin Kamaru, sau da yawa da dattawansu da shugabar matansu na gida. Ekklesiyar ta kafa sashen agajin gaggawa, da tallafin miliyoyin daloli daga 'Yan'uwa na Amurka da kuma Mission 21, magajiyar Mishan na Basel. Aka raba abinci, iri da taki, aka yi wa gidajen da aka ƙone rufi, aka gina matsugunai irin na Masaka a Jihar Nasarawa. A Gurku, cikin wannan jiha, Markus Gamache, ma'aikacin EYN, ya jagoranci kafa matsugunin da ya haɗa Musulmi da Kirista, da masallaci da majami'a. Rebecca Dali, wadda ta kafa cibiyar CCEPI, ta tattara sunayen waɗanda aka kashe ko aka sace, ta kula da gwauraye, marayu da matan da suka dawo daga hannun mayaƙan, abin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. An kuma horar da masu taimaka wa jama'a warkewa daga firgici da raunin zuciya, bisa wani tsari da aka samo daga Ruwanda.

Hedikwata ta koma Kwarhi a 2016, shekarar da aka zaɓi Joel S. Billi shugaba. Hare-hare ba su ƙare ba. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, sakataren gundumar EYN kuma shugaban CAN na Michika, aka kashe shi ranar 20 ga watan. A ranar 21 ga Fabrairu na wannan shekara aka kai wa Garkida hari, aka ƙone majami'ar EYN da cibiyar horar da ma'aikatan lafiya. A jajibirin Kirsimeti na 2020 aka afka wa Pemi, kusa da Chibok. Duk da haka Majalisa ta ci gaba da amincewa da sababbin gundumomi da majami'u, wasu a garuruwan da gudun hijira ya kai mutane. Ekklesiyar ta yi bikin cika shekara 100 a Maris 2023, kuma a 2024 Majalisa ta zaɓi Daniel Y. C. Mbaya, tsohon babban sakatare, a matsayin shugaba. An sake gina majami'u da yawa a Michika, Mubi, Lassa da Chibok, amma yawancin na bayan duwatsun Gwoza ba su koma mazauninsu ba, kuma wasu daga cikin 'yan matan Chibok har yanzu ba a gan su ba.